Rijiya Da Guga: Yadda Masana Suka Koyi Yi Wa Jama'a Magana

Kowace shekara jami'o'in duniya suna fitar da rubuce-rubucen bincike waɗanda mutum ɗaya ba zai iya karance su ba ko da an ba shi shekara dubu. Da kuɗin jama'a ake yin bincike mai yawa daga ciki, kuma domin amfanin jama'a aka ce ana yinsa, amma ba safai labarinsa yake isa kunnen manomi da ɗan kasuwa da uwa mai goyo ba. In ma ya isa, sau da yawa yakan zo da harshen da ba su ji, ko kuwa ya zo a karkace. Irin wannan hali ne Hausawa ke nufi da suka ce rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. An daɗe ana ɗaukar cewa aikin masani ya ƙare ran da ya rubuta abin da ya gano ya miƙa wa 'yan'uwansa masana. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 aka fara ganin bayani ga jama'a shi ma fanni ne wanda ya kamata a zauna a koya wa masu bincike. Ana iya karanta wani babban kashi na wannan tarihi a wata unguwa ta birnin Niyu Yok, watau Flatbush da kewayenta.

Flatbush tana tsakiyar Brooklyn, a gefen yamma na tsibirin Long Island. Mutanen Holan ne suka kafa ta a tsakiyar ƙarni na 17, tana ƙauyen manoma, sunan kuwa daga harshensu ya samo asali, ma'anarsa kurmin da ke shimfiɗaɗɗen fili. Cikin 1894 aka haɗe ta da Brooklyn, cikin 1898 kuma Brooklyn ɗin ta shiga ƙarƙashin Niyu Yok. Tun tana ƙauye ta yi suna wajen karatu, domin cikin 1786 aka kafa makarantar Erasmus Hall a bakin babban titinta. An ba makarantar sunan Erasmus, wani shehun malami ɗan Holan wanda cikin 1516 ya bayyana burinsa na ganin an juya littafin addininsa cikin harsunan talakawa, har manomi da masaƙi su san abin da ke ciki. Abin mamaki shi ne, shi kansa da Latin ya rubuta wannan buri, harshen da manomi da masaƙin ba su ji.

Ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar ita ce Barbara McClintock, wadda ta gama cikin 1919 ta wuce Jami'ar Cornell, ta ba da rayuwarta duka ga nazarin masara. Duk manomi ya san masarar nan mai rodi-rodi, wadda za a ga ƙwaya guda da launi biyu ko uku. Ita McClintock ta shekara da shekaru tana duban irin wannan masara, har ta gano cewa waɗansu ƙwayoyin gado, watau abubuwan da ke ɗauke da kamannin da 'ya'ya ke gada daga iyaye, suna iya tashi daga mazauninsu su koma wani wuri, su kunna launi ko su kashe shi. Cikin 1951 ta gabatar da wannan a taron masana a cibiyar Cold Spring Harbor. Masu sauraronta ba baƙi ba ne a fannin, kuma suna ganin girmanta ƙwarai, don tun 1944 aka zaɓe ta cikin majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka. Duk da haka bayanin ya zo musu a cunkushe, da yawa ba su iya binta har ƙarshe ba, fassarar da ta yi wa abin da ta gani kuma ba ta karɓu ba. Daga 1953 ta daina buga cikakken bayani a kan wannan batu. Sai da waɗansu suka ga irin wannan abu a jikin ƙwayoyin bakteriya sa'an nan aka waiwayi aikinta, aka ba ta kyautar Nobel cikin 1983, tana da shekara 81. In har masani yana iya kasa isar da magana ga abokan sana'arsa, ina ga mutumin da bai taɓa shiga ɗakin bincike ba?

Waɗansu masanan unguwar kuwa tun farko suka nufi jama'a da rubutunsu. Cikin 1937 Kwalejin Brooklyn ta tare a sabon mazauninta a kudancin Flatbush, cikin 1956 kuma ta naɗa John Hope Franklin shugaban sashen tarihi. Baƙar fata ne, naɗin kuwa ya zama abin labari har jaridar New York Times ta buga shi a shafin farko. Amma da ya nemi sayen gida kusa da kwalejin, dillalai da yawa suka ƙi kula shi saboda launin fatarsa. Tun cikin 1947 ya riga ya fitar da littafinsa na tarihin baƙaƙen fatar Amurka, From Slavery to Freedom, watau daga bauta zuwa 'yanci, wanda ya rubuta da harshen da kowane mai karatu zai bi, aka kuma sayar da kofi fiye da miliyan uku. Cikin 1953 ya taimaki lauyoyin da Thurgood Marshall ke jagoranta da binciken tarihi, a shari'ar da ta kai kotun ƙoli ta haramta wariyar launi a makarantun gwamnati cikin 1954. Ke nan ya ga da idonsa abin da bincike ke iya yi idan ya fita daga ɗakin karatu, ya kuma ga yadda jahilci yake hana shehun malami wurin kwana kusa da wurin aikinsa.

Wanda ya mai da wannan aiki tsari kuwa shi ne Barry Commoner, masanin halittu. An haife shi a Brooklyn cikin 1917, ya yi karatu a makarantar James Madison da ke titin Bedford, kudu da Flatbush. A shekarun 1950 manyan ƙasashe suna ta gwada bama-baman nukiliya a sarari, iska tana kwasar burbushinsu tana watsawa ko'ina, hukumomi kuma suna cewa babu abin tsoro. Cikin 1958, sa'ad da yake koyarwa a birnin St. Louis, Commoner da waɗansu masana da likitoci da matan gari suka kafa kwamitin wayar da kan jama'a game da nukiliya. Suka riƙa fitar da 'yar mujalla cikin sauƙin harshe, suka kuma riƙa aika masana zuwa majami'u da makarantu da tarurrukan ƙungiyoyi su yi bayani su amsa tambaya. Ƙa'idarsu ita ce, masani ya kawo hujja yadda take ba ƙari ba ragi, yanke shawara kuwa na jama'a ne.

Dabarar da ta fi yin tasiri ita ce ta haƙoran yara. Cikin burbushin bam akwai wani sinadari mai cutarwa, sitironciyam-90, wanda jiki yake ɗauka tamkar sinadarin da ke gina ƙashi. Yakan sauka a ciyawa, saniya ta ci, ya shiga nono, yaro ya sha, ya zauna a ƙashinsa da haƙorinsa. Sai kwamitin, ƙarƙashin likita Louise Reiss, ya roƙi iyaye su aiko da haƙoran da yaransu suka zubar lokacin famfara. Kafin a rufe aikin cikin 1970 an tara haƙora fiye da 300,000. Sakamakon farko ya fito cikin 1961, ya nuna sinadarin yana ƙaruwa a haƙoran yara gwargwadon ƙaruwar gwaje-gwajen. Uwar da ta naɗe haƙorin ɗanta ta sa a ambulan ba ta bukatar a sake yi mata doguwar lacca. Wannan na cikin abubuwan da suka ƙara matsa wa shugabanni lamba, har Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Masko cikin Agusta 1963 a kan daina gwaji a sarari da cikin ruwa da sama jannati. Batun bai tsaya can nesa ba. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, kuma a kan waɗannan gwaje-gwaje ne Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa cikin Janairu 1961.

Daga wannan kwamiti aikin ya bunƙasa. Cikin 1963 Commoner da Margaret Mead da waɗansu suka kafa cibiyar masana ta ba da bayani ga jama'a a Niyu Yok. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island cikin 1979, inda 'yan jarida suka rasa wanda zai fassara musu maganganun injiniyoyi, cibiyar ta buɗe ofishin da ɗan jarida zai buga wa waya a haɗa shi da masanin da ya yarda ya yi bayani. Tun cikin 1975 kuma babbar ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Amurka ta fara tura ɗaliban kimiyya su yi mako goma suna aiki a gidajen jarida da rediyo da talabijin, su ɗanɗana yadda edita yake datse dogon bayani ya mai da shi sakin layi uku. A Ingila ma, cikin 1985, kwamitin da Walter Bodmer ya shugabanta ya ba da rahoton da ya ce wajibi ne masana su koyi yi wa jama'a magana, su kuma ɗauki haka a matsayin haƙƙi a kansu.

Ana cikin haka ita Flatbush ɗin kanta ta sake kama. Bayan Amurka ta sauya dokar shige da fice cikin 1965, mutanen tsibiran Karibiyan suka riƙa kwararowa, daga Jamaika da Trinidad da Haiti da sauransu, har unguwar ta zama ɗaya daga cikin manyan mazaunansu a ƙasar. Su ne suka ɗanɗana kuɗar maganar masana idan ta fita babu awo. Farkon ɓullar cutar ƙanjamau, tun ba a gano ƙwayar da ke haddasa ta ba, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta lura da waɗansu 'yan Haiti cikin masu fama da ita, sai cikin 1983 ta lissafa 'yan Haiti cikin rukunonin da ke da hatsarin kamuwa. A wurin masu ƙididdiga wannan rabe-rabe ne kawai na wucin gadi kafin a san gaskiya. A jarida da titi kuwa sai ya zama hukunci a kan al'umma guda. Mutane suka rasa aikin yi, aka riƙa tsangwamar yara a makaranta, baƙi masu yawon buɗe ido suka ƙaurace wa Haiti. Cikin 1985 hukumar ta cire sunansu daga jerin, amma magana zarar bunu ce. Da aka wayi gari cikin 1990 hukumar abinci da magunguna ta ce kada a karɓi gudummawar jinin 'yan Haiti, sai ran 20 ga Afrilu dubun dubatarsu suka tsallaka gadar Brooklyn da ƙafa suka cika tsakiyar birni. Kafin ƙarshen shekarar aka janye umarnin.

Abin da ya rage bayan wannan shi ne rashin yarda, kuma shi ne ciwon da ya fi wuyar magani. A East Flatbush akwai babbar makarantar likitanci ta Downstate, inda Robert Furchgott ya yi binciken jijiyoyin jini da ya kai shi ga kyautar Nobel cikin 1998. Amma a titunan da ke kewaye da ita hawan jini da ciwon sukari suna ta cin mutane, da yawa kuma ba su zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Arthur Ashe, gwanin ƙwallon tanis wanda ya ci gasar Wimbledon cikin 1975, ya kamu da ƙanjamau ta hanyar ƙarin jini lokacin da aka yi masa aikin zuciya cikin 1983. Cikin Disamba 1992, saura wata biyu ya rasu, ya kafa cibiyar lafiyar mazauna birni a nan Downstate. Hanyar da cibiyar ta fi suna da ita ita ce ta shagunan aski da na gyaran gashi. Ana koya wa masu aski da masu kitso bayanin ciwon zuciya da sukari da sankarar mama da ƙanjamau, su kuma su riƙa taɓa zancen da abokan cinikinsu, su nuna musu inda za su je a duba su. Dalili a fili yake. Mutum yakan shekara bai ga likita ba, amma ba ya wata biyu bai zauna gaban mai aski ba, yana kuma gaya masa abin da ba ya gaya wa kowa. Da ɗan gari akan ci gari.

A nan karatun ya zama na ɓangare biyu. Masanin da zai koyar da mai aski tilas ya zubar da manyan kalmomi, ya zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka fi muhimmanci, ya kuma saurari tambayoyin da ake yi a shago, waɗanda sau da yawa ba su ne ya yi tsammani ba. An kuwa auna amfanin irin wannan hanya. Cikin 2018 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a shagunan aski 52 a Los Angeles. Inda masu aski suka haɗa abokan cinikinsu da masana magunguna a nan cikin shago, awon hawan jini ya sauka da kimanin maki 27 cikin wata shida. Inda aka tsaya ga nasiha da cewa a je a ga likita, da kimanin maki 9 kawai ya sauka. Watau bayani yana da amfani, amma ya fi amfani nesa ba kusa ba idan magani yana kusa da shi.

Matakin ƙarshe shi ne shigar da wannan fanni cikin aji. Alan Alda ɗan wasan kwaikwayo ne wanda daga 1993 zuwa 2005 ya gabatar da wani shirin kimiyya a talabijin, ya yi hira da ɗaruruwan masana. Ya lura cewa muddin suna hira da shi ido da ido maganarsu takan fito sarai, amma da zarar sun juya sun shiga lacca sai hazo ya rufe ta. Cikin 2009 aka buɗe cibiyar koyar da bayanin kimiyya a Jami'ar Stony Brook, can gabashin tsibirin da Flatbush take, cikin 2013 kuma aka sa mata sunansa. Cikin abokan kafa ta har da Cold Spring Harbor, inda McClintock ta yi jawabinta na 1951. Da wasannin 'yan kwaikwayo ake fara horon. Akwai wanda ake tsai da mutum biyu suna fuskantar juna, ɗaya yana motsa hannu ɗaya yana kwaikwayonsa kamar madubi. In na biyu ya kasa bi, laifin na mai jagora ne, shi zai rage sauri. Cikin 2012 cibiyar ta sa gasa ta ce masana su bayyana mene ne harshen wuta, alƙalan kuwa yara ne 'yan shekara 11. Wajen wannan lokaci ne kuma Eric Kandel, wani tsohon ɗalibin Erasmus Hall wanda ya zo Brooklyn yana yaro ɗan gudun hijira daga Ostiriya cikin 1939, ya kuma sami kyautar Nobel cikin 2000 a kan binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu, ya riƙa jagorantar jerin hirarraki a talabijin yana sa manyan masana ƙwaƙwalwa su yi magana yadda mai kallo zai gane.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba zai ga wannan duka baƙon abu ba. A ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta tsara ilmi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis su kai shi ga matan karkara ta hanyar 'yan taru. Cikin 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah, littafin da ya bayyana halittun duniya da Hausa. A Samaru ta Zariya, tun 1963 aka keɓe sashe domin ɗaukar sakamakon binciken noma a mai da shi takardu da shirye-shiryen rediyo ga malaman gona da manoma. Wanzami kuwa tun kaka da kakanni shi ne mai aski, shi ne mai ƙaho, shi ne mai shiga gida ranar suna.

Haka kuma ƙasar Hausa ta ga nata rashin yarda. Cikin 2003 waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da allurar shan inna saboda jita-jitar cewa tana hana haihuwa, jita-jitar kuwa ta sami wurin zama a zukata domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kano ba ta koma ga allurar ba sai Yuli 2004, kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama waɗanda suka riga suka rabu da ita. Takardun masana ba su isa su gyara ɓarnar ba. Sai da sarakuna da malamai da matan unguwa da waɗanda cutar ta naƙasa suka shiga gida gida, aka yi shekaru ana lallashi, sa'an nan cikin Agusta 2020 aka ba da sanarwar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Jami'o'in Nijeriya da Nijar suna yaye masu manyan digiri kowace shekara, kundayensu kuwa da Turanci ko Faransanci ake rubuta yawancinsu, a jera su a kan kanta ƙura ta rufe. Alhali kuwa gidajen rediyon Hausa suna da masu saurare miliyoyi, wayar hannu kuma ta shiga kowane ƙauye, tana kai gaskiya da ƙarya da sauri ɗaya. Abin da aka yi a St. Louis da Flatbush da Stony Brook bai bukaci manyan injuna ba. Horo ya bukata, da haƙurin sauraro, da hukumar jami'a wadda za ta lissafa wannan aiki cikin abin da ake ƙara wa malami girma saboda shi. Da za a ce kowane ɗalibi, kafin a ba shi digirinsa, sai ya zauna minti biyar a gidan rediyo ya bayyana abin da ya gano da harshen da mahaifiyarsa take ji, ya kuma amsa tambayar masu bugo waya, da ruwan rijiyar nan ya fara isa randunan waɗanda suka biya kuɗin haƙa ta.